Sake duba lafiya don tallafin PIP: kurakuran da ke jawo a rage wa mutum kuɗinsa

A Ingila da Wales, ba kasafai ake ba mutum tallafin naƙasa na PIP a ƙyale shi ba. Tun da aka fara shi a 2013 a madadin DLA, tallafin naƙasa da ya gabace shi, akan yanka masa wa'adi ne, kafin wa'adin ya cika sai Ma'aikatar Ayyuka da Fansho, wato DWP, ta aiko da fom mai lamba AR1. Daga nan ana iya kiran mutum ganawa da ma'aikacin lafiya, ido da ido, ko ta waya, ko ta bidiyo. Wanda ma aka ba marar wa'adi, akan waiwaye shi bayan shekara 10. Ga mai ciwon da ba ya warkewa abin kamar cin fuska ne, kuma yana da gaskiya. Sai dai sau da yawa wanda aka rage wa kuɗi ba sauƙi ya samu ba, bayaninsa ne bai fito ba.

"Da sauƙi, alhamdulillahi"

Babban kuskuren namu a nan yake. Bahaushe ko a gadon asibiti aka tambaye shi jiki, "da sauƙi" zai ce. Tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma mai duba ka rubutawa yake yi, kuma abin da ka faɗa shi zai shiga rahoto. Ka gode wa Allah a zuciyarka, sannan ka faɗi abin da ke akwai.

Dokar PIP ba ta tsaya a "zan iya" ba. Kafin a ce mutum yana iya wani abu, sai ya cika sharaɗi huɗu: ya yi shi ba tare da haɗari ba, ya yi shi yadda ya kamata, ya iya maimaitawa duk lokacin da buƙata ta taso, kuma kada ya ɗauki fiye da ninki biyu na lokacin da mai lafiya ke ɗauka. In ɗaya ya faɗi, a wurin doka ba ka iyawa. Saboda haka in an ce "Kana iya wanka da kanka?" amsar ba "eh" kawai ba ce. Amsar ita ce: "A zaune nake yi a kan kujera, ba na kai hannu ƙasa da gwiwa, yakan ɗauke ni minti 40, in na fito sai na kwanta, kuma na zame sau biyu a watan jiya." In haka abin yake, haka za a faɗa, ba ƙari ba ragi.

Kunya ma tana cin maki, kuma da maki ake yanke kuɗin da za a ba mutum. Tsarki da shiga banɗaki na cikin abubuwan da ake aunawa: mai buƙatar abin dafawa yana da maki 2, wanda sai an taimaka masa yana da 4. Dattijuwar da ba za ta iya furta wannan a gaban namiji ba, ta nemi mace tun ranar da wasiƙar ganawa ta iso. In kuma nauyin ɗanta da ya rako ta take ji, ta rubuta a fom tun farko.

Sai kuma batun rana mai daɗi da rana marar daɗi. Wasu kan kwatanta ranar da suka fi jin dama, wasu kuma a ba su shawarar su faɗi mafi muni kawai, kamar kullum haka suke. Duka biyun kuskure ne, na biyun ma ya fi haɗari, domin da zarar an ga saɓani sai a daina yarda da sauran maganar. Ana duba halin da kake ciki a fiye da rabin kwanakin shekara ne. Ka ba da lissafi: a mako kwana biyar ba na iya saukowa daga bene, kwana biyu ina lallaɓawa.

Sunan ciwo ba ya ba da maki

Sikila, shanyewar ɓarin jiki, farfaɗiya, ciwon damuwa, babu wanda sunansa kaɗai ke kawo ko maki ɗaya. Abubuwa 12 ake aunawa. Goma na harkar yau da kullum ne, irin su girki, cin abinci, shan magani, wanka, sa tufafi, magana, karatu, hulɗa da mutane da lissafin kuɗi. Biyu na zirga-zirga ne. A kowane ɓangare maki 8 zuwa 11 na ba da ƙaramin mataki, 12 zuwa sama babban mataki, kuma ba a haɗa makin ɓangarorin biyu.

Maza kan faɗa rami a tambayar girki. "Ai uwargida ke dafawa" ba amsa ba ce. Abin da ake son sani shi ne, da za a bar ka da ɗanyen kaya, za ka iya yanka albasa, ka ɗaga tukunya, ka dafa abincin mutum ɗaya? In wuƙa na suɓuce maka, ko kana manta wuta a kunne, shi za ka faɗa.

A tafiya kuwa mita ake ƙirgawa: 20, 50, 200. Wanda ba ya wuce mita 20 yana da maki 12, wanda ke kai tsakanin 50 da 200 maki 4 kacal. Mutane kan yi kirdado su ce "kamar minti biyar", alhali tafiyar minti biyar ga mai lafiya ta wuce mita 200 nesa ba kusa ba. A sa wani ya auna daga ƙofar gida zuwa inda kake fara tsayawa, a rubuta da tsawon hutun da kake yi kafin ka ci gaba.

"Babu canji"

Fom ɗin AR1 yana tambayar abin da ya canza, sai mutum ya rubuta "babu canji" daga sama har ƙasa ya mayar. Gaskiya ya faɗa, amma ya bar mai yanke hukunci hannu wofi. A ƙarƙashin kowace tambaya a sake bayyana wahalar kamar ba a taɓa faɗa ba, da misalin abin da ya faru kwanan nan. In wuri ya ƙare a ƙara takarda, a sa suna da lambar inshorar ƙasa a kan kowane shafi. Littafin da aka riƙa rubuta abin da ya faru kullum na mako ɗaya ko biyu yana da amfani ƙwarai. Haka ma wasiƙar mai kula da kai, ko 'yarka ce.

Kada ka zauna jiran DWP ta tuntuɓi likitanka, ba kullum take yi ba. Aika kwafin abin da ke hannunka: jerin magunguna, wasiƙun asibiti, rahoton mai gashin ƙashi ko na ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa. Na asali su zauna a gida. Ka ɗauki hoton fom ɗin gaba ɗaya kafin ka saka a ambulan, ka kuma karɓi shaidar aikawa a gidan waya, kyauta ce.

Wata ɗaya ake bayarwa a mayar da fom. In ba zai yiwu ba, a buga waya kafin ranar a nemi ƙarin lokaci. Shiru shi ke sa a tsayar da kuɗi. Mai shirin zuwa gida ko aikin Hajji ya lura: tafiya ƙasar waje da ta wuce mako 4 sai an sanar da DWP, kuma ana ci gaba da biya ne har mako 13, ko 26 in magani aka je nema. Wasiƙa na iya zuwa ta tarar da gida a kulle.

Ranar ganawa

Dubawa kan fara tun kafin tambaya ta farko. Yadda ka zo, yadda ka tashi daga kujera, yadda ka zaro takarda daga jaka, duk ana iya rubutawa. "Kana zuwa masallaci?" ba hira ba ce. In ana kai ka a mota ne, kana sallah a kan kujera, wani ke zuba maka ruwan alwala, faɗi hakan. In an ce ka sunkuya ko ka ɗaga hannu kuma zai yi maka ciwo, ka ce zai yi, kada ka cije.

Kana da damar zuwa da wani mai shekara 16 ko sama, da neman tafinta, da neman a naɗi sautin ganawar, amma a nema tun da wuri. Ana kuma mayar da kuɗin mota. Wanda Turancinsa na kasuwa ne kada ya ƙi tafinta don gudun raini. In ranar ba ta yi ba, a kira a ɗaga. Ƙin zuwa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba na iya rufe maganar baki ɗaya.

In hukunci ya zo ba daɗi

A nan da yawa kan ce haka Allah ya so, su naɗe tabarma. Haƙurin yana da tsada, domin wasu abubuwa na rataye da PIP: motar da shirin Motability ke ba masu naƙasa haya sai da babban matakin zirga-zirga, alawus ɗin mai kula da kai kuma sai da ɓangaren harkar yau da kullum.

Fara da neman kwafin rahoton ganawar, mai lamba PA4. Bi shi layi-layi. Kada ka ɓata tawada wajen cewa an yi maka ƙarya, nuna aikin da aka ba ka sifili, da makin da ya dace, da dalili. Kana da wata ɗaya daga ranar da ke kan wasiƙar hukunci ka nemi DWP ta sake dubawa, da fom CRMR1 ko da wasiƙa. In an makara da dalili mai ƙarfi, ana iya karɓa har wata 13. Sau da yawa ba a canza komai a wannan mataki, kada gwiwa ta yi sanyi. Bayansa akwai wani watan ɗaya na ɗaukaka ƙara da fom SSCS1 zuwa kotu mai zaman kanta, inda alƙali da likita da masanin harkar naƙasa ke zama. Ba a biyan ko kwabo, kuma fiye da rabin ƙararrakin PIP da ake saurara mai ƙara ne ke nasara. Ka zaɓi halarta da kanka maimakon a duba takardu kawai, ka kuma nemi Citizens Advice, ƙungiyar ba da shawara kyauta, su duba maka tukuna, domin kotun na da ikon rage abin da aka riga aka ba ka. Halin da kake ciki a ranar da DWP ta yanke hukunci kaɗai kotun za ta duba. In ciwon ya ƙaru bayan ranar, DWP za ka sanar daban.