Yadda Za Ka Gyara Mashigar Gidanka

Da farko ka kwashe duk tarkacen da ke wurin, ka share, ka goge. Sai wuri ya yi fayau ake gane ainihin girmansa.

Sannan ka fita, ka sake shigowa kamar baƙo, ka lura da abin da ake fara ajiyewa: takalmi, makulli, jaka. Kowanne ka yi masa mazauni. Takalmi ne ya fi ɓata wuri, don haka ka sa 'yar kanta inda ƙofa ba za ta buge ta ba. Kowa ya bar wanda yake sawa kullum, sauran su koma ɗaki. In da fili, ƙara benci, domin tsofaffi ba sa son cire takalmi a tsaye.

Makulli kuwa, ƙusa ɗaya a bango ta ishe shi.

Shimfiɗa abin goge ƙafa a waje, wani a ciki. Hanyar wucewa ta kai kamar santimita 90, don mai ɗauke da kaya.

Daga ƙarshe ka sa fitila mai haske, da madubi in wurin matsattse ne. Ado kam, tukunyar fure ɗaya ta wadatar.