Darasi Na 9: Ƙiba Da Rikicewar Bugun Zuciya

Toh 'yan aji, kowa ya ajiye biro tukuna. Ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ku ɗan danna har ku ji jijiya tana harbawa, sai ku ƙirga na minti ɗaya. Babban mutum in yana zaune a huce, bugunsa 60 ne zuwa 100, kuma daidai yake tafiya kamar luguden matan da suka saba daka tare. Wanda muke magana a kai yau shi ne bugu marar tsari, ciwon da likitoci ke kira atrial fibrillation, ya yi sauri ya tsaya ya kuma fizga, mai shi ya riƙa cewa gabana na faɗuwa ba dalili, ga haki ga jiri, wasu kuma ba sa jin komai sam sai ranar da abin ya kwantar da su.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu sama biyu ƙasa. A wannan ciwon, ɗakunan saman ne ke karkarwa maimakon su matse jini su tura shi, sai jinin ya kwanta ya daskare, in gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa shi ke nan shanyewar ɓarin jiki. Mai wannan ciwo haɗarin shanyewarsa ya kai ninki biyar na wanda ba shi da shi.

To ina ruwan ƙiba? Jiki in ya yi nauyi dole zuciya ta ƙara aiki, a hankali ɗakin sama na hagu ya buɗe ya saki kamar tsohuwar roba, sannan kitse har jikin zuciyar kanta yake naɗewa yana dagula saƙon da ke tsara bugun. Ga hawan jini, ga ciwon suga, ga minsharin nan da numfashi ke ɗaukewa cikin barci, duk tare suke tafiya. Wani bincike a garin Framingham na Amurka da ya fito a 2004 ya gano masu ƙiba sosai haɗarin kamuwarsu da wannan ciwo ya ƙaru da wajen kashi 50 cikin 100.

Wallahi abin na damuna, mu a wajenmu in mutum ya ajiye tumbi sai a ce hutu ya zauna, amarya ma har sha-ka-fashe ake ɗura mata don ta ciko kafin biki. Iyayena mata don Allah a bar wannan.

Amma fa abin yana gyaruwa. Likitocin Adelaide a Ostareliya a 2015 sun bi masu ciwon, waɗanda suka rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsu suka kuma riƙe hakan, damar lafawar ciwon ta kai wajen ninki shida. Wato mai kilo 100 ya sauke 10, a hankali ba da yunwa ba. Malmala biyu ta koma ɗaya, a yawaita ganye, a rage mai a miya, lemon kwalba da shayi mai suga cokali huɗu a ja baya da su, a taka da ƙafa minti 30 akalla kwana biyar a sati.

Aikin gida: ka yanki igiya daidai tsayinka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita ta ɗan saman cibiya. In bakinta bai haɗu ba, teɓar ta wuce kima. Ka kuma ƙirga bugunka kullum da safe na kwana bakwai ka rubuta a littafinka. In ka ji shi a hargitse ka je asibiti a yi maka gwajin ECG, wato na'urar da ke zana bugun zuciya, in kuwa da ciwon ƙirji ko karkacewar baki ko mutuwar hannu, a tafi nan take ko da tsakar dare ne.