Yadda ake haƙo tarihin ƙungiyar makaɗan da ta yi kaset ɗaya ta watse

A Jos an yi irinsu ba adadi: samari huɗu ko biyar, jita biyu, ganga, da tsohon kibod na aro daga coci ko makaranta. Su shekara biyu suna kiɗa a otal da bukukuwan ɗalibai, su yi karo-karo su shiga sitidiyo, su buga kaset kaɗan, sai wannan ya tafi bautar ƙasa, wancan ya yi aure, shi ke nan labari ya mutu. Turawan Ingila suna ce wa irin wannan kiɗa "indi", wato na masu cin gashin kansu ba tare da babban kamfani ba. Can ma akwai ƙananan kamfanoni irin Sarah Records na Biristol, wanda ya yi aiki daga 1987 zuwa 1995, kowane faifai da lambarsa, don haka mai bincike ba ya shan wahala. A nan kuwa, in ka cire irin su Ɗan Maraya Jos, P-Square da M.I da kowa ya sani, sauran sai ka tono da hannunka.

Ka fara da abin da za ka iya taɓawa: kaset, kwalinsa, hoto, takardar talla, tikitin shiga. Hira da mutane ta biyo baya. Dalili kuwa, bayan shekara talatin mutum yakan tuna wanda ya ɓata masa rai sarai, amma shekara sai ya haɗa ta da wata.

Neman kaset ɗin kansa shi ne aikin farko, kuma ba a shagon sayar da kaset aka fi samunsa ba. Gobarar babbar kasuwar Taminus a watan Fabrairun 2002 ta watsa 'yan kasuwar da ke cikinta, sannan CD da memori suka ƙarasa sana'ar. Ka nufi masu gyaran rediyo tsofaffin hannu, tsofaffin di-je, direbobin da suka daɗe a tasha, da 'yan'uwan makaɗan mata, don su ne masu adana abu a ƙasan akwati. Ka kuma rubuta takardar neman izini zuwa PRTVC, gidan rediyo da talabijin na Jihar Filato, a Refil da NTA Jos, ko akwai abin da ya rage a ɗakin ajiyarsu. Kada ka sa rai da yawa, domin a da gidajen rediyo da talabijin sukan goge tsohon tef su ɗora sabon shiri a kai.

In kaset ya zo hannunka, kada ka yi garajen sa shi a rediyo don ɗokin ji. Da yawa a nan suke rasa shi. Ka juya shi ka duba samansa: akwai ƙananan harsuna biyu na roba, ɗaya a kowane gefe. Ka ɓalle su, domin da zarar babu su maɓallin ɗauka ba zai danna ba, ba za ka goge waƙar bisa kuskure ba. Sannan ka ɗaga shi ga haske ka leƙa ta 'yar tagar tsakiya. In ka ga fari-fari kamar gari a jikin naɗin zaren, fumfuna ce, laimar damina ta shige shi. Wannan kada ya shiga inji, zai toshe hed, wato ɗan kan da ke karanta sautin zaren, kuma ya shafa wa sauran kaset. Ka ware shi a busasshen wuri har ka samu wanda ya iya tsabtace shi. Ka duba ƙasa, inda zaren yake fitowa fili: bayansa akwai ɗan guntun soso maƙale a siririn ƙarfe, shi ke danne zaren a jikin hed. Gam ɗinsa yakan bushe ya faɗi, kuma in babu shi sauti zai fito a dushe kamar ana waƙa cikin randa. Maganinsa ka samo wani kaset mai kyau wanda aka ɗaure da sukurori biyar, ka kwance, ka mayar da naɗin zaren tsohon cikin sabon gida. Ka yi haka a kan tebur mai faɗi, fanka a kashe. In zaren ya tsinke, salatif na ofis bai dace ba, gam ɗinsa yana narkewa ya manne zagayen da ke kusa. Akwai siririn salatif na haɗa tef, kuma a bayan zaren ake liƙa shi, ɓangaren da ba ya gogar hed. Daga nan ka sa biro mai kusurwa shida a ramin ka juya a hankali. In ya cije, ka tsaya.

Injin da za ka kunna shi ya zama dek na gida, wato injin kaset da ake haɗawa da amfilifaya, mai mafitar layi a baya, jar soket da fara. Ƙananan na'urorin nan masu araha da ake cusa wa USB gudunsu ba ya tsayawa daidai. Ka kai dek ɗin wurin mai gyara ya canza bel, domin tsohon bel yakan saki ko ya narke ya zama kamar kwalta. Ka jiƙa audugar goge kunne da sifirit mai ƙarfi, isofirofil na kashi 99 in ka samu, ka goge hed da sandar ƙarfen da ke jan zare, ka share tayar robar da ke matse shi har baƙin ya daina fita a auduga. Tayar nan in ta yi datti ko ta ƙandare, ita ce take sa rediyo ta tauna kaset. Ka gwada da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba tukuna.

Gudun kaset santimita 4.76 ne a daƙiƙa. In dek ya ƙara gudu da kashi 6 cikin ɗari, waƙar za ta hau da rabin murya, mawaƙin ya koma kamar ƙaninsa, ka kuma je kana rubuta cewa muryarsa siririya ce. Sai batun saitin hed. A gefensa akwai ɗan sukuru mai sifirin. Kaset ɗin da aka kwafa a shago, da sauri, a injin da ya gaji, da wuya saitinsa ya zo ɗaya da na dek ɗinka. Ka sa abin ji a kunne, ka haɗe sautin hagu da dama wuri guda, ka juya sukurun kaɗan-kaɗan, rubu'in zagaye ma ya yi yawa, har ka ji ƙarar faranti na ganga ta washe. Kowane gefen kaset da nasa saitin. Maɓallin Dolby na rage hayaniya kuwa ka bar shi a kashe sai in an rubuta a kwali cewa da shi aka ɗauka.

A kwamfuta manhajar Audacity ta wadatar, kuma kyauta ce. Ka shigar da sauti ta ramin layi ko ta ƙaramin akwatin sauti na USB. Ramin makirufo yana kumbura sautin ya fashe. Ka ɗauka a tsarin WAV, 24-bit, 96 kHz, wanda zai ci kusan megabait 35 a minti, wato kaset na C60 mai minti 60 ya kai gigabait biyu. Ka saita ƙarfi yadda inda waƙar ta fi tashi ba zai wuce -6 dB a ma'aunin sautin manhajar ba. In ka ji wani gunji a ƙasan sautin, na wutar lantarki ne mai 50 Hz, yawanci ta cajar kwamfuta yake shigowa. Zare ta ka yi aiki da batir. Kada ka ɗauka da wutar ƙaramin janareta, in da hali inbata ta fi. Ka ɗauki gefe guda daga farko har ƙarshe ba yankewa, har da shirun da ke bayan waƙar ƙarshe, domin a nan akan tsinci maganar furodusa ko guntun shirin rediyo da ya tona shekara. Wannan fayil na asali ba a taɓa shi. Duk wani rage hayaniya a kwafi za ka yi. In CD ne na ƙonawa, ka kwafe shi yau da manhajar Exact Audio Copy, don rininsa yana lalacewa ko ba a taɓa shi ba.

Yanzu sai gano shekara, kuma a nan kwali ya fi kowa gaskiya. Ka yi masa sikanin a 600 dpi, ciki da waje, ka zuƙo ƙananan rubutun. Lambar waya mai fara wa da 073 ta tarhon gida ce ta Jos. In ka ga 0803 ko 0802, an buga kwalin ne daga 2001 zuwa sama, lokacin da salula ta shigo. 0805 kuma daga 2003. Adireshin da ya ce Lafiya ko Keffi a Jihar Filato ya nuna kafin Oktoban 1996, da aka cire Nasarawa, sai dai ka tuna mai buga takardu yakan ci gaba da tsohon adireshi na ɗan lokaci. In aka ce Binuwai-Filato, ka koma kafin Fabrairun 1976. A CD na kamfani, ka duba zoben tsakiya: lambar da ta fara da IFPI ba ta wanzu ba sai daga 1994.

Takardar talla kusan kullum tana da rana da wata amma babu shekara. A ce an rubuta Asabar, 14 ga Disamba. Ka buɗe kalandar shekarun baya: ranar ta faɗo Asabar a 1985, 1991, 1996 da 2002. Lambar salula a ƙasan takardar ta yanke hukunci, 2002 ce. In babu, sai kuɗin shiga da sunan wurin taron su taimaka ka zaɓi ɗaya. Da ka samu shekarar, ka nemi tsofaffin fitowar jaridar Nigeria Standard, wadda ake bugawa a Jos tun 1972, ka bi shafukan nishaɗi da ƙananan tallace-tallace na makonni biyu kafin ranar da biyu bayanta. Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna ma suna da tsofaffin jaridu. Ƙungiyar da ta yi zamani da intanet kuwa, ka gwada Discogs, shafin da ke tattara bayanan faya-fayai, da Wayback Machine, ma'ajiyar tsofaffin shafukan intanet. Shafin sada zumunta na MySpace ya sanar a 2019 cewa waƙoƙin da aka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta, amma hoton shafin da sunayen mambobi yakan rage.

Sai ka je wurin mutane da takardunka a hannu. Ka gan su ɗaya bayan ɗaya. In ka tara su, mai bakin cikinsu zai cinye zancen, sauran su yi ta gyaɗa kai. Ka fara da mai ganga ko mai jitar bes, su ne suka ga komai daga baya, shugaban ƙungiya ya zo ƙarshe. Ka nemi izini kafin ka kunna na'urar ɗauka, ka sa shi ya faɗi amincewarsa a ciki. Tambayar "a wace shekara?" ba ta haifar da komai. Ka ce, "Baba, lokacin da kuka shiga sitidiyon nan, ka yi aure ko tukuna? Wa ke mulki? Kasuwa ta ƙone ko da saura?" Ka miƙa masa hoton ka yi shiru, shi zai fara nuna fuskoki da yatsa. Maganar rabuwarsu ka bar ta zuwa zama na biyu, don kusan kullum kuɗi ne, ko mace, ko wanda ya tafi da amfilifaya. Wasu sun zama malamai ko fastoci, ba sa son a tayar da zancen; in mutum ya ce a sakaya sunansa, ka sakaya.

Wajen rubutawa, kowace magana ka san matsayinta: wadda takarda ta tabbatar, wadda mutum biyu da ba su haɗa baki ba suka faɗa, da wadda mutum ɗaya kaɗai ya faɗa. Ta ukun ka jingina ta ga mai ita. In biyu sun saɓa, ka kawo duka ka wuce. Kafin ka ɗora waƙa a YouTube ka nemi yardar masu ita a rubuce, domin dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare sautin da aka ɗauka shekara 50, waƙar kanta kuma har shekara 70 bayan rasuwar wanda ya tsara ta. Ka ajiye fayilolin a wuri uku, ɗaya ba a gidanka ba, kowane mamba ko iyalinsa ka kai musu nasu a filash. Kaset ɗin aro kuma ka mayar wa mai shi a cikin kwalinsa, ka ce ya ajiye shi a tsaye, nesa da sifika da rana.