Yadda ma'aikacin lafiya na unguwa zai tantance ji ba tare da likitan kunne ba

Likitocin kunne, hanci da maƙogwaro a Kano sun fi yawa a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, amma mai matsalar ji yakan fara zuwa asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu ne. Ma'aikacin da ke wurin zai iya rarrabe wanda dauɗa ce kawai ta toshe masa kunne da wanda dole a tura shi gaba. Kayan aiki: na'urar leƙa kunne mai batir, auduga, takardar turawa, da ɗaki mai shiru.

Fara da tambaya. Yaushe abin ya soma, kunne ɗaya ne ko biyu? Ya taɓa yin sanƙarau, ƙyanda ko hangum? In yaro ne, ya yi shawara yana jariri? An taɓa yi masa allurar jentamaisin ko kwinin? Ka tambayi sana'arsa ma, domin mai injin niƙa da mai walda da mai wuni gefen janareto jinsu kan ragu a hankali ba su ankara ba.

Sai leƙawa, kuma kada a gwada ji kafin a leƙa. Ga babba, ja ganyen kunne sama da baya. Ga yaron da bai kai shekara 3 ba, ƙasa da baya. Lafiyayyen dodon kunne ruwan toka ne mai ɗan sheƙi. In dauɗa ta cika ramin, a ɗiga man zaitun na 'yan kwanaki, a cire ta, sannan a gwada. In akwai mugunya, a murza auduga kamar lagwani a tsane ta. Kunnen da ke zubar da ruwa ko dodonsa ya huje ba a wanke shi da sirinji, ruwan zai wuce ciki ya ƙara ciwo. Ka kuma ja kunnen iyaye kan tsinken ashana da gashin kaza.

Gwajin raɗa shi ne ba ya cin ko kwabo, shi ne kuma aka fi lalatawa. Zaunar da mutum, ka tsaya bayansa nisan hannu, kamar santimita 60, don kada ya karanci leɓenka. Ka ce, "Baba, abin da kuka ji na faɗa sai ku maimaita." Danna ɗan naman da ke bakin ramin ɗaya kunnen kana murza shi, ta yadda ba zai taya wanda ake gwadawa ba. Fitar da numfashinka duka, sannan ka raɗa lambobi uku, misali tara, biyu, shida. In ya kuskure, canza wasu ukun. Wanda ya kama uku cikin shida ya wuce. Fitar da numfashin nan ba tsarin banza ba ne: mai cikakken huhu raɗarsa kan yi ƙarfi, sai mai matsala ya wuce a ce lafiya lau.

Inda ake da waya ko kwamfutar hannu mai manhajar gwaji, ana saka sauti a Hertz (ma'aunin kaifin sauti) 1000, 2000 da 4000, kunne ɗaya bayan ɗaya. Sai dai a yi da abin sawa a kunne da aka daidaita da na'urar, ba na kasuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar raguwar da ta haura desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 35 a kunnen da ya fi ji a matsayin mai tauye rayuwa. Babban mai ɓata sakamako hayaniya ce. Ɗakin da ke kallon titin 'yan adaidaita sahu bai dace ba. Kashe fanka, nisanci janareto, in ya yiwu a yi da sassafe. Wanda ya kasa, sake gwada shi kafin ka rubuta.

Wasu ba sa jira, a tura su gaba nan take: wanda jinsa ya ɗauke farat ɗaya, wanda bayan kunnensa ya kumbura da zazzaɓi, mai jiri ko karkacewar fuska, da yaron da ya tashi daga sanƙarau, domin cikin kunnensa kan iya daskarewa ya zama ƙashi. Haka jaririn da uwa ta ce ba ya firgita da ƙara. A nan maganarta ta fi tafin da za ka yi, tunda yaro na iya juyowa don ya ga hannunka. A takardar turawa rubuta abin da ka gani a kowane kunne da sakamakon gwajin, kada ka rubuta "kurma". Wannan hukuncin sai bayan cikakken gwaji a babban asibiti.