Yadda ake ayyana ƙungiyar 'yan a-ware a matsayin ta ta'addanci da ƙaƙaba mata takunkumi a Najeriya

Abu na farko da ya kamata duk mai bin wannan lamari ya riƙe shi ne, neman ɓallewa daga ƙasa da aikata ta'addanci abubuwa biyu ne daban a idon doka. Ƙungiya na iya cewa tana son ƙasarta ta kanta, ta yi zanga-zanga, ta buga takardu, amma hakan kaɗai bai isa a kira ta ta 'yan ta'adda ba. Abin da doka ke dubawa shi ne aiki: kisa, kai hari kan jami'an tsaro, tilasta wa jama'a da barazana, ko tara kuɗi don aikata waɗannan. Saboda haka aikin yana farawa ne daga tattara hujja, kuma a nan ne gwamnatoci da dama suka fi yin sakaci.

Hujjar da ake buƙata ita ce wadda za ta iya tsayawa a gaban alƙali, wato bayanan bincike da aka rantse a kansu, waɗanda suka haɗa takamaiman hare-hare da shugabancin ƙungiyar, ba da wasu tsirarun magoya baya kawai ba. Akwai darasi daga Turai. Tarayyar Turai ta sanya ƙungiyar 'yan a-ware ta Tamil Tigers da ke Siri Lanka cikin jerin 'yan ta'adda a 2006, amma a 2014 kotun Tarayyar ta soke matakan ci gaba da riƙe ta a jerin, domin an dogara ne da labaran jaridu da na intanet maimakon hukuncin hukumomin da doka ta amince da su. Kotun ba ta wanke ƙungiyar daga laifi ba. Abin da ta ce shi ne ba a bi hanya ba.

Idan hujja ta kammala, sai a nemi amincewar Shugaban Ƙasa, sannan Ministan Shari'a kuma Babban Lauyan Gwamnatin Tarayya ya shigar da buƙata a Babbar Kotun Tarayya. Wannan buƙata ana sauraronta ne ba tare da an gayyaci ƙungiyar ba, bisa hujjar cewa sanar da ita zai ba ta damar ɓoye dukiya da mutane. Alƙali ne ke bayar da umarnin haramcin, ba soja ba, ba gwamna ba.

Wannan batu ne ya fito fili a watan Satumba na 2017. A lokacin da sojoji ke gudanar da atisayensu a kudu maso gabas, bayan arangama a Umuahia a gidan Nnamdi Kanu, jagoran ƙungiyar IPOB mai fafutukar kafa ƙasar Biyafara, Hedikwatar Tsaro ta fitar da sanarwa tana kiran IPOB ƙungiyar ta'addanci, gwamnonin yankin kuma suka ce sun haramta ayyukanta. Shugaban Majalisar Dattawa na lokacin, Bukola Saraki, ya fito ya ce ba a bi ka'ida ba, kuma da gaskiyarsa. Sai bayan 'yan kwanaki ne Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya je kotu, inda Mai Shari'a Abdu Kafarati ya bayar da umarnin haramcin a ranar 20 ga Satumba. Daga ranar ce haramcin ya samu gindin zama, kuma a kansa aka ci gaba da shari'a har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da shi a Janairun 2025. A ganina, da an fara da kotu kafin lasifika, da an rage wa gwamnati rabin gardamar da ta biyo baya.

Bayan umarnin kotu sai wallafawa. Dole ne a buga shi a jaridar gwamnati ta hukuma da kuma manyan jaridun ƙasa, domin ba a kama mutum da laifin shiga ƙungiyar da bai san an haramta ba. Masu bin labarai za su tuna cewa kotu ta ayyana 'yan bindigar arewa maso yamma a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, amma sai a Janairun 2022 aka wallafa umarnin, kuma a tsakanin nan mutane sun yi ta tambayar abin da ake jira.

Takunkumi kuma mataki ne na daban, wanda mutane da yawa ke cakuɗa shi da haramci. Haramci yana mayar da zama ɗan ƙungiya, halartar taronta da tallafa mata laifi. Takunkumi kuwa kuɗi da tafiye-tafiye yake bi. Dokar hana ta'addanci ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 2011 da gyaranta na 2013, ta kafa Kwamitin Takunkumi na Najeriya ƙarƙashin jagorancin Ministan Shari'a. Kwamitin ne ke tantance sunayen mutane da kamfanonin da ake zargi da ɗaukar nauyin ta'addanci, ya sanya su a jerinsa, sannan a umarci bankuna, 'yan canji da sauran masu hada-hadar kuɗi su toshe dukiyarsu nan take ba tare da sun sanar da mai ita ba, su kuma kai rahoto ga hukumar tattara bayanan sirri kan harkar kuɗi. Gaggawar ita ce ruhin matakin, domin kuɗin da aka yi wa gargaɗin awa guda ya riga ya tsallake iyaka. A lura cewa toshe asusu ba ƙwace shi ba ne. Mallake dukiyar dungurungum na buƙatar wani umarnin kotu. Sannan wajibi ne a rubuta sunaye da cikakkun bayanai, kamar ranar haihuwa da lambar fasfo, saboda a ƙasar da dubban mutane ke amsa suna ɗaya, kuskure kaɗan zai iya hana bawan Allah taɓa kuɗin cefanensa.

Mataki mafi wuya shi ne shawo kan ƙasashen waje, musamman da yake ƙungiyoyin a-ware sun fi samun kuɗi daga 'yan uwansu mazauna ƙetare. Umarnin kotun Abuja ba ya aiki a Landan ko Washinton. Boko Haram ta shiga jerin Birtaniya da na Amurka a 2013, ta shiga na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2014, domin waɗannan ɓangarori sun gamsu da hujjojin da ke gabansu. Game da IPOB kuwa, ofishin jakadancin Amurka ya bayyana tun a 2017 cewa a dokar ƙasarsa ba ƙungiyar ta'addanci ba ce. Hanyar da ta fi amfani ita ce miƙa wa masu gabatar da ƙara na wata ƙasa hujja kan mutum guda da laifin da dokarsu ta sani, kamar yadda aka gani a Finlan, inda kotu ta yanke wa ɗan fafutukar Biyafara Simon Ekpa hukuncin ɗaurin shekara 6 a Satumban 2025.

Sauran abin da ya rage shi ne ƙofar fita. Wanda aka sanya sunansa na da damar neman kwamiti ya cire shi ko ya garzaya kotu, ita ma ƙungiyar na iya neman a janye umarnin, kamar yadda lauyoyin IPOB suka yi a gaban Kafarati, ya kuma yi watsi da buƙatarsu a Janairun 2018.