Matakan tashi daga gidan hayar ɗalibai a Ingila ba tare da asarar kuɗin ajiya ba

1. Karanta takardar haya tukuna. In yarjejeniya guda kuka sa wa hannu da abokan zama, bashin wanda ya gudu na iya faɗowa kanka.

2. Goge tanda, firji da banɗaki tsaf. Datti ne ya fi jawo zaftare kuɗin ajiya, wato kuɗin jingina da ka bai wa mai gida lokacin shiga, musamman maiƙon da ya daskare a tanda.

3. Ranar tashi ɗauki hoton kowane ɗaki da mitar wuta da ta gas, ka tura wa kamfanin wuta da gas lambobin mitar, in ba haka ba su yi maka ƙiyasi.

4. Miƙa makullai duka. Da zarar kun daidaita da mai gida kan adadin da zai dawo maka, yana da kwana 10 ya mayar da kuɗin.

5. Sanar da jami'a, banki da asibitinka sabon adireshi.