Biyun da ɗalibai ke sharewa a lissafin kewayen ruwan teku

Na gaji da jan biro a kan kuskure guda. Mu a Maraɗi ba mu da teku, Gulbi ma sai da damina, amma tambayar ba ta fashi: iska ta tura ruwan teku sannan ta lafa, ruwan ya kama kewaye saboda juyin duniya, awa nawa kafin ya rufe da'ira? Ƙa'idar ita ce f = 2Ω sin φ, inda f ke nufin saurin kewayen ruwan, Ω saurin juyin duniya, φ kuma nisan wuri daga ikwaita a ma'aunin digiri.

Biyun nan ita ta kayar da ni jarrabawa ina ɗalibi. Na ce duniya sau ɗaya take juyawa a rana, to biyu ta mece ce? Na share ta. A digiri 13.5, daidai layin Maraɗi, na samo awa 102, alhali amsar awa 51 ce da 'yan mintoci. Abin haushi, 102 ɗin ma ba shirme ba ce, lokacin da lilon Foucault, irin wanda masanin ya rataya a Faris a 1851 don nuna juyin duniya, zai ɗauka ya cika zagaye ne a garinmu. Malam bai rubuta komai a takardata ba sai: "A ina kake tsaye?"

Yanzu akushi nake shiga aji da shi. In saki 'yar ƙwallon ƙarfe daga gefe, ta je ta dawo a miƙe. Wanda ke juyawa tare da akushin, in saurinsu ya zo ɗaya da kai-komon ƙwallon, da'ira zai ga tana yi, sau biyu a kowane juyi nasa. Mu kuwa a cikin akushin muke. Don haka kafin ka taɓa kalkuleta, rubuta a saman takarda inda mai kallo yake. Wanda bai rubuta ba, ba na duba sauran, ko ɗan wa ne.

Haka na'urar auna motsin ruwa da aka ɗaure a ƙasan teku da wadda ruwa ke tafiya da ita ba lalle su ba da adadi guda ba. Kada ka yi saurin cewa ɗaya ta lalace.

Juyin duniya awa 23 ne da minti 56, ba 24 ba. A arewacin ikwaita kewayen yana bin hannun agogo, a kudu akasin haka. Ruwan da ke murɗawa a bakin magudanar wanka kuwa, ku daina ɗora wa Coriolis, wato karkatarwar da juyin duniya ke haddasawa, bahon ne ya karkace.